Yadda Ake Buɗe Shagon Tireda a Bauchi Ba Tare da Uwar Kuɗi Ta Narke Ba

Na daɗe ina zaman shago a cikin garin Bauchi. Sau uku ina buɗe nawa na kaina. Na farkon bai cika shekara ba ya mutu, biyun suna nan da ransu, kuma yara huɗu da suka taso a hannuna na tsaya musu har suka buɗe nasu. Duk wanda ya zo mini da maganar kama sana'a, abin da yake fara tambaya shi ne nawa zai tanada. Ni kuwa shagon da ya mutu a hannuna yana da jarinsa daidai gwargwado, kuma ana ciniki. Aljihun tebur yana cika, ina zara ina cefane, ina ba da bashi babu rubutu. Ran da na tashi zuwa sari na ƙirga abin da ke hannuna, bai kai rabin kayan da suka fita ba. Na yi misali da tireda ne don ita na sani ciki da bai, amma mai ɗinki da mai sayar da kayan waya da mai suyar ƙosai duk za su ga nasu a ciki.

Abin da za ka tanada tun farko

- Littafi uku masu kauri da biro: na ciniki, na sari, na bashi. Kada ka haɗa su a littafi ɗaya.
- Kalkuleta, ko ta cikin waya.
- Mudu da rabinsa da gwangwani na awo, da kwalba da mazurari idan za ka sayar da mai. Sikeli idan da hali.
- Kanta ta katako, tebur mai aljihu da makulli, benci ɗaya.
- Katakan da za ka shimfiɗa a ƙasa ka ɗora buhu da katon.
- Kwaɗo biyu masu ƙarfi, da fitila mai caji ko ƙaramar sola.
- Leda manya da ƙanana, da canji na ranar farko.
- Asusun banki na shago shi kaɗai, wanda ba shi ne na aljihunka ba. Za a nemi BVN da NIN ɗinka wajen buɗewa.

Firji ba ya cikin jerin nan da gangan. Ka bari sai shago ya saya wa kansa. Kafin nan kular sanyaya kaya da ƙanƙarar da za ka saro sun ishe ka sayar da ruwan leda da lemo.

1. Ka fara zama a shagon wani

Kafin ka taɓa kuɗinka, ka samu mai shagon da ka yarda da shi ka zauna da shi ko da wata uku ne, ko ba zai ba ka ko kwabo ba. A can za ka san wane kaya ke fita kullum, wane ne ke kwana, yaya ake magana da dila, yaya ake gane katon da aka buɗe aka sake liƙewa. Idan kai ma'aikaci ne ko ɗalibi ba ka da lokaci, ka riƙa zuwa Asabar da Lahadi, kuma ka roƙe shi ya riƙa tafiya da kai ranar sari. Ranar sari ɗaya ta fi zaman mako koyarwa.

2. Zaɓen wuri

Kada ka kama shago don yana kusa da gidanku ko don haya ta yi araha. Ka je ka zauna a gefen wurin kwana uku da takarda a hannu. Ka ƙirga masu wucewa da ƙafa daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, sannan bayan la'asar, sannan tsakanin magariba da isha'i. Masu mota da babur da ke wucewa a guje ba naka ba ne. Naka su ne yaran da ake aika, da magidancin da ya fito masallaci, da mai shayi da mai abincin da ke kusa. Ka ƙirga shaguna nawa ke sayar da irin kayanka a layin, ka kuma lura da abin da ake nema ba a samu a wurinsu.

Kowace unguwa da halinta. Cikin gari, irin su Jahun da Nassarawa da Bakaro, ciniki ne na ƙulli-ƙulli: sukarin naira ɗari, omo ɗaya, magi na hamsin, amma ba ya yankewa. Unguwannin ma'aikata kuwa ana saye da ɗan yawa, sai dai ciniki yana bin albashi, tsakiyar wata a yi shiru. Wajejen Yelwa da Gwallameji, inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya suke zaune, taliyar indomi da ƙwai da burodi suna fita kamar ruwa, amma da an yi hutu sai ka zauna kana korar ƙuda. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba, haya kuwa ba ta tsaya ba. Wanda zai kama shago a can ya yi lissafinsa da watannin karatu kawai.

Idan ka samu wurin, ka ɗaga kai ka duba rufi da silin. Ɓarawon shago sau da yawa ta sama yake saukowa, ba ta ƙofa ba. Ka duba ko ruwa yana kwanciya a bakin ƙofa da damina, ka tambayi maƙwabta ko ana biyan kuɗin gadi. Kuɗin haya ka miƙa wa mai shagon hannu da hannu a gaban shaidu biyu, a rubuta ranar shiga da ranar ƙarewa da wanda gyara yake kansa. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a biya.

In haya ta fi ƙarfinka, ka fara da tebur a ƙofar gida ko zaure, ko ƙaramar kwantena idan mai fili ya yarda a rubuce. Mata da yawa daga ɗaka suka fara da magi da gishiri da man gyaɗa, maƙwabta suna aiko yara, har abin ya kai ga shago.

3. Raba jari kafin ka kashe ko sisi

Ga yadda nake yi wa yarana. A ce naira miliyan ɗaya ke hannunka. Haya da kanta da gyara kada su haura 300,000. Kaya na 500,000. Sauran 200,000 su kwanta a banki ba a taɓa su, don a makon farko za ka gane akwai kayan da ake nema ba ka saro ba, kuma wani abu zai lalace. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zuba rabin jarinsa a tayil da fenti da allon suna, ranar buɗewa kanta ta zama fayau. Mai saye kaya yake kallo.

Game da inda kuɗin za su fito: ajiyarka, ko kwasar adashi, ko dabbar da ka sayar, su ne suka fi kwanciyar hankali. Idan wani ɗan'uwa ne zai zuba kuɗi kai ka yi aiki, ku zauna gaban malami ko babba a rubuta yadda za a raba riba da abin da zai faru idan an yi asara. Kunyar rubutu a yau ita ke raba zumunci gobe. Rancen manhajojin waya mai ruwa kuwa ka yi nesa da shi. Ban da haramcin riba, ribar tireda siririya ce, ba za ta iya biyan ruwan da ke hauhawa duk mako ba. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, akwai kuma hukumar SMEDAN da Bankin Masana'antu masu tallafa wa ƙananan sana'o'i. Amma duk wanda zai ba ka kuɗi yana so ya ga kasuwa tana tafiya da lissafinta, don haka wannan magana ce ta nan gaba. Wanda kuma ya ce ka turo kuɗin fom zuwa asusunsa zai samo maka tallafi, ka riƙe kuɗinka.

4. Sarin farko

A nan Bauchi, Muda Lawal da Wunti da babbar kasuwa sun ishi mai farawa. Zuwa kasuwar Singa a Kano sai kaya sun yi yawan da rangwamen zai biya kuɗin mota da dako ya bar saura, in ba haka ba wahala ce kawai. Kafin ka saya ka zaga dila uku ka rubuta farashin kowa. Ba dole ka sayi komai a wuri ɗaya ba, amma ka riƙe mutum ɗaya ya san fuskarka, don wata rana shi zai ba ka kaya ka sayar ka kawo.

Ka sayi iri da yawa, kowanne kaɗan: sukari, madara, ganyen shayi, magi, gishiri, taliya, shinkafa, man girki, tumatirin leda, omo, sabulu, ashana, biskit, alawa, maganin sauro, ruwan leda. Rabin katon ya fi katon biyar na abin da ba ka san tafiyarsa ba. Kowane katon ka buɗe ka ƙirga a gaban mai shi, ka duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Idan ka ga an karya farashin wani kaya fiye da ƙima, juya shi ka karanta kwanan watan, galibi saura kaɗan ya ƙare. Kada ka sa magungunan asibiti a kanta, wannan sana'a ce mai lasisinta daban.

Wajen jeri, omo da sabulu da maganin sauro su zauna nesa da sukari da fulawa da biskit, don abinci yana ɗaukar ƙamshi. Buhu kada ya taɓa siminti ko ya jingina da bango. Sabon kaya ya koma baya, tsoho ya dawo gaba. A bangon baya na littafin ciniki ka riƙa rubuta duk abin da aka tambaya ba ka da shi. Wanda aka tambaya sau uku, ka saro shi da kuɗin nan da ka ajiye.

5. Fitar da farashi

Kuɗin kaya ba abin da ka ba dila ne kaɗai ba. A ce katon taliya mai guda 20 ka saro shi 18,000, dako da Keke Napep suka ci 400. Ya tsaya maka 18,400, kowace ɗaya 920 ke nan. Ka sayar 1,000, ribar katon gaba ɗaya 1,600 ce. Ɓera ya huda guda ɗaya, ko ka ɗauki ɗaya ka kai gida ba ka biya ba, ribar ta koma 600. Ka yi wannan lissafin a kan kowane kaya, ka rubuta a littafin sari.

Kayan awo sun fi yaudara. Kada ka yarda da adadin mudun da aka ce buhu yana bayarwa. Buhun farko ka zazzage shi a tabarma ka auna da mudunka, da irin tozon da za ka riƙa yi wa mai saye, sannan ka raba kuɗin. Haka jarkar mai, ka ƙirga kwalba nawa ta bayar. Idan lissafi bai fita ba, ka ƙara farashi a fili. Kada ka bubbuga gindin mudu ko ka rage awo, Suratul Muɗaffifina a kan masu wannan aikin ta yi magana, kuma matan unguwa suna sake aunawa a gida.

Abu na biyu, ka sayar da farashin da za ka iya sake sarowa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kaya sun riƙa tashi tsakanin sari da sari. Na ga masu shago da suka sayar a tsohon farashi suna ganin sun ci riba, suka koma kasuwa kuɗin katon goma ya sayo takwas. Ka riƙa kiran dilanka kana jin farashi ko ba ka tashi sari ba.

6. Rubutu, da yanka wa kanka albashi

Nan ne shagona na farko ya mutu, don haka zan ɗan daɗe.

Kuɗin da ke cikin aljihun tebur na shago ne. Yawancinsu uwa ce da za ta koma kasuwa, riba ɗan kaɗan ce a sama. Idan ka yi cinikin 50,000 a yini, mai yiwuwa abin da ya zama naka bai wuce 4,000 ko 5,000 ba, kuma a cikinsa haya take, da kuɗin gadi, da leda, da haraji. Wanda ya ga dubu hamsin ya zari goma ya yi cefane ya ci uwa, kuma ba zai ji zafin ba sai bayan wata biyu, lokacin da kanta ta fara nuna katako.

Abin da nake yi yanzu: na yanka wa kaina kuɗin cefane na kullum, adadi ɗaya, ba ya ƙaruwa don an yi ciniki. Duk abin da gida ya ɗauka a shago, ko ashana ce, ana rubutawa a shafin gida, ƙarshen mako a cire daga rabona. Farkon da na fara haka uwargida ta ji babu daɗi, ta ce, "Maigida, yanzu magin ma sai an rubuta?" Na buɗe mata littafi na nuna mata abin da gida ya ɗauka a wata guda. Tun daga ranar ita ke tuna wa yara su faɗi abin da aka aiko su a rubuta.

Kowane dare bayan ka rufe ƙofa ɗaya, ka ƙirga tsabar kuɗi, ka duba abin da ya shiga ta taransifa, ka haɗa, ka rubuta da kwanan wata. A ƙasa ka rubuta abin da ya fita: sari, dako, cefane, sadaka. Ka raba kuɗin hayar shekara gida 365, kullum ka ware wannan ɗan adadin a asusu daban ko ka zuba shi a adashi, don ranar da mai shago zai zo kada ka taɓa kaya. Idan rubutu yana ba ka wahala, ka yi da ajami, ko ka sa ɗanka ɗan makaranta ya rubuta kana faɗa. Akwai manhajojin lissafi a waya, amma waya tana ɓata, littafi ya fi zama.

7. Bashi

Ba za ka zauna a unguwa ka ce ba ka ba da bashi sam ba, mutanen da kuke sallah sahu ɗaya ne. Abin yi shi ne ka sa masa iyaka. A wata ukun farko ka ce shago sabo ne, kaya na mutane ne, a yi maka haƙuri. Bayan nan ka ware adadin da ko ya tafi ba zai karya ka ba, ni ba na barin bashin waje ya wuce kashi ɗaya cikin goma na kayan shago. Idan ya cika, sai wani ya biya wani ya karɓa.

Kowane mai bashi da shafinsa, a rubuta a gabansa, da ranar biya. Wanda ya ji haushin rubutu ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Wanda bai biya na baya ba, ba a ɗora masa sabo. Idan yaro aka aiko ya ce an ce a ba da za a kawo, kuma ba ka saba da gidan ba, ka kira mai gidan tukuna.

Na 'yan'uwa ya fi wuya. Kawu zai zo ya ce, "Ɗana, auna mini shinkafa mudu biyar, in an yi albashi ka ji ni." Idan ka san ba zai dawo ba kuma ba za ka iya tambaya ba, gara ka ce, "Kawu, biyar ta fi ƙarfin shagon, ga ɗaya ka kai gida, wannan ni na ba ka." Ka biya ɗayan daga rabonka. Ka yi alheri da sani, kuma fuskarku ba ta ɓaci ba.

8. Taransifa, canji da takardu

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane sun saba da turo kuɗi ko da na sabulu ɗaya ne. Ka liƙa lambar asusun shago a bango, in da hali ka karɓi na'urar POS irin ta Moniepoint ko OPay. Ƙa'ida ɗaya ce: kaya ba sa fita sai ka ga kuɗin a cikin asusunka da idonka. Hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. An taɓa yi mini da magariba, shago cike, wani mai tsabtar kaya ya nuna mini waya ya ɗauki katon madara ya hau babur. Har yau kuɗin ba su iso ba. Idan sabis ya ɗauke, mai saye ya jira ko ya bar kayan ya dawo.

Canji ka tanade shi tun dare wajen masu Keke Napep ko mai shayi. Manyan takardun kuɗi ka duba su a haske, musamman da dare. Kada ka mayar da canji sai ka ajiye kuɗin mai saye a kan tebur inda ku biyu kuke gani.

Idan shago ya zauna, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. Ana yi ta intanet, kuma da ita za ka buɗe asusu da sunan shago. Masu karɓar haraji idan sun zo, ka nemi katin shaida, ka biya, ka karɓi rasit ka ajiye a cikin littafin sari.

9. Ƙidayar ƙarshen wata

Ranar ƙarshe ta kowane wata ka rufe da wuri, ko ka fito bayan asuba, ka ƙirga duk abin da ke shago da farashin sari. Ka haɗa da tsabar kuɗi da na banki da bashin da kake da tabbacin za a biya, ka cire wanda dila ke bin ka. Abin da ya rage ka gwada shi da na watan jiya. Idan ya ƙaru bayan ka ci ka ware haya, shago yana tafiya. Idan ya tsaya cak ko ya ragu wata biyu a jere, ka bi littattafan nan uku, ɓarakar tana ɗaya daga cikin huɗu: farashi, bashi, hannun gida, ko hannun yaro. Kayan da suka yi wata biyu ba su motsa ba ka sayar da su ko a uwa ne, ka sa kuɗin a abin da ke tafiya.

A wannan zaman ne kuma za ka duba watan da ke tafe. Kafin azumi da mako biyu ka cika sukari da madara da man girki da dabino. Zafin Maris da Afrilu na ruwa da lemo ne. Da damina kuɗin mutane suna gona, masu neman bashi suna yawa, sai ka rage sari ka ƙara tsaurara littafi. Da kaka hatsi yana sauka, in kana da rarar kuɗi ka ɗan ajiye wake ko gero, amma da riba za ka yi wannan, ba da kuɗin sari ba.

Yaron shago kada ka ɗauka sai aiki ya fi ƙarfinka. Idan ka ɗauka, ku ƙirga kaya tare ranar da ya fara, ka yanka masa haƙƙinsa a fili, kuma ku faɗa wa iyayensa shekara nawa zai yi kafin ka sallame shi da nasa jarin. Ranar da ka buɗe shagon kuma ka rubuta ta da watan Musulunci a shafin farko. Idan shekara ta zagayo, wannan ƙidayar da ka saba yi ita za ka kai wa malami ya duba ko dukiyar ta kai nisabi, in ta kai a fitar da zakka, naira biyu da rabi a kowace ɗari.